Kuɗin Ƙafar Malam Sallau

Wata rana, lokacin ina aiki a wani kamfanin inshora a Zariya, wani Alhaji ya shigo ofishinmu, direbansa na biye da shi.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Alhajin ma ba zan faɗi sunansa ba. Dillalin taki ne da hatsi, in na ƙara kalma ɗaya wasunku za su gane shi.

Direban kuwa zan faɗi nasa, don shi ya ba ni izini.

Malam Sallau.

Dattijo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Hularsa ta koɗe amma a wanke take tas. Ya rungume fayil ɗin takardun mota a ƙirji, ya tsaya daga bakin ƙofa. Na nuna masa kujera, ya girgiza kai. Ba ya zama a inda maigidansa ya zauna.

Shekara goma sha tara yana jan Alhaji.

A watan nan kamfaninmu ya fitar da sanarwa cewa daga farkon wata mai kamawa tsarin inshorar mota zai canza. A da, in mutum ya biya babbar inshora, komai a dunƙule yake: motar, gilashinta, gobara, sata, har da wanda ke riƙe da sitiyari.

A sabon tsarin an rarraba su.

Akwai na dole, wato na ɓarnar da ka yi wa wani a kan hanya. Sauran duk zaɓi ne. Kowanne da ɗan akwatinsa a jikin fom, kowanne da kuɗinsa. Wanda ka so ka yi masa maki, wanda ba ka so ka tsallake.

Aikina shi ne in karanta wa mai mota su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce gilashin gaba. Alhaji ya ce a sa, ai gilashin jif ɗin nan sai an yi odarsa daga Legas.

Na ce ambaliya. Ya ce a sa, daminar bara ruwa ya shiga garejinsa.

Gobara, sata, har na karcewar fenti, duk ya ce a sa. Bai tambayi farashin ko ɗaya ba.

Sai na zo na ƙarshe. Na ce masa wannan na direba ne, in hatsari ya faru ya ji rauni ko ya rasa wata gaɓa, kamfani zai biya shi diyya. Na faɗa masa kuɗin. Bai kai abin da yake cika tankin motar da shi sau ɗaya ba.

Alhaji ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Ki tsallake wannan. Direbobi nawa ne ke zaune a ƙofar gidana suna jiran aiki?"

Malam Sallau na tsaye, bai fi taku uku daga bayansa ba.

Na saci kallonsa. Idonsa na kan kalandar da ke bango, kamar akwai abin da yake nema a ciki. Da Alhaji ya gama sa hannu, shi ya matso ya tattara takardun, ya jera su a fayil, ya riga shi zuwa ƙofa ya buɗe masa.

Na ce a raina shi ke nan, ba zan sake ganinsa ba sai baɗi.

Bayan kwana uku sai ga shi shi kaɗai.

Ya gaishe ni har da rusunawa, ni da ya isa ya haife ni. Ya ce ya ajiye Alhaji a wajen wani taro, yana da rabin awa. Ya tambaye ni, shin wancan akwatin na ƙarshe, direba zai iya biya wa kansa?

Ya ce ba don yana yi wa kansa fatan tsiya ba. Hanyar Funtuwa suke bi kusan kullum, kuma ya ga abin da tireloli ke yi a hanyar. 'Ya'yansa shida ne, babbar ba ta gama sakandare ba. Ya ce matarsa, Hansai, ta yarda a sayar da tunkiyarta.

Na ce masa zai iya biya, amma sai mai mota ya sa hannu, don inshorar da sunansa take. Na ba shi fom, na nuna masa wurin sa hannu, na nuna masa layin da ake rubuta lambar asusun bankin da za a tura diyya in abu ya faru.

Washegari ya dawo da fom a cike, yana murmushi. Ya ce Alhaji bai yi musu ba ko kaɗan. Har ya yaba masa, ya ce ashe ya fara wayewa.

Na duba fom ɗin.

Lambar asusun da ke kan layin nan ta Alhaji ce. Da rubutun hannunsa.

Na tambayi Malam Sallau. Ya ce shi ai ba shi da asusu, hannu da hannu ake ba shi albashi. Alhaji ya ce kada ya wahalar da kansa, a sa nasa, in Allah ya kawo ƙaddara zai cire ya damƙa masa. Malam Sallau ya ce mutumin da ya raɗa wa 'ya'yansa huɗu suna ba zai ci haƙƙinsa ba.

Jama'a, a nan ne nawa laifin yake.

Akwai banki a tsallaken titi, ana hango shi ta tagar ofishinmu. Da na ce masa ya je ya buɗe asusu ya dawo, da ya je. Mutum ne mai jin magana.

Amma ƙarshen wata ne. Kowa na rububin cike sabon fom kafin sabon tsari ya fara, layi har waje. Manajanmu na zagayawa yana tambayar kowa fom nawa ya shigar.

Na buga hatimi. Na ba shi rasit. Na ce mai bi masa ya matso.

Ya ninke rasit ɗin ya sa a cikin hula, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya fita.

Wata bakwai a tsakani.

Wata Talata da la'asar, suna dawowa daga Funtuwa, burkin wata tirela mai ɗauke da siminti ya tsinke a gangare, ta yo kansu. Waɗanda suka ga abin sun ce direban jif ɗin ya murɗa sitiyari a daidai lokacin, ya ba tirelar gefensa. Alhaji na zaune a baya ta ɗaya gefen.

Alhaji ya fito da ƙwarzane a goshi.

Malam Sallau sai da aka yanka ƙarfe aka zaro shi. A asibiti likitoci suka yi kwana biyu suna ƙoƙari, a na uku suka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Ban san duk wannan ba sai da Alhaji ya shigo ofishinmu da filasta a goshi.

Ban taɓa ganin mai neman diyya da ya zo a shirye kamarsa ba. Rahoton 'yan sanda, hotunan mota, takardar likita, komai a jere. Ya ce a cika fom biyu, na mota da na direba. Ya ce bawan Allahn nan yana kwance, iyalinsa na cikin wani hali, don Allah a hanzarta. Har da takardar amincewa ya kawo, Malam Sallau ya dangwala yatsa a kai daga gadon asibiti.

Wallahi na ji kunyar zaton da na yi masa. Na ce lallai ganin mutuwa ido da ido ya taɓa zuciyar mutumin nan.

Ni da kaina na riƙa bin fayil ɗin daga tebur zuwa tebur, ina roƙon a sa hannu.

Cikin mako biyar aka biya duka biyun.

Na yi hamdala. Na ce ko ba komai na yi aikin lada.

Bayan wata uku, ina cikin aiki sai na ji ƙarar sanda a kan matakala. Ƙwas, shiru. Ƙwas, shiru. Ofishinmu a hawa na biyu yake.

Malam Sallau ne da sandunan dogarawa guda biyu. Matarsa Hansai na bayansa, ta tallafe shi da hannu ɗaya. Ya rame har hular ta yi masa yawa. An naɗe ƙafar wandonsa ta hagu an kama da fil.

Wannan karon da na nuna masa kujera ya zauna.

Ya ciro rasit ɗin nan, ya yi laushi saboda gumi, ya shimfiɗa a kan teburina. Ya ce ba gaggawa yake yi ba, ya san aikin ofis sai a hankali. Ya zo ne kawai ya ji inda aka kwana, don duk lokacin da ya aika Hansai wurin Alhaji sai ya ce kamfani ne bai biya ba, 'yan inshora haka suke, sai an yi haƙuri.

Hansai ta ce Alhaji ya biya kuɗin asibiti na makon farko, daga nan bai ƙara ba. Ta sayar da keken ɗinkinta. Ciwon kuma ya ƙi rufewa, likita ya ce sai an sake yi masa aiki.

Na buɗe kwamfuta, ko da yake na san abin da zan gani.

Na karanta masa ranar da aka biya. Na karanta masa adadin.

Kuɗi ne da za su yi masa aikin, su saya masa ƙafar roba, har ragowar ta buɗe wa Hansai ɗan shago.

Ya ce in sake karanta masa ranar.

Na sake.

Ya shiga motsa yatsu, yana lissafin kwanaki. Can ya dubi matarsa ya ce ranar nan ai Alhaji ya zo duba shi a gida, har ya kawo masa lemo da ayaba.

Hansai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ninke rasit ɗinsa, ya yi mini godiya, suka fara sauka. Na zauna ina jin sandar nan har ta kai ƙasa.

Na je wurin manaja. Ya saurare ni, ya jawo fayil, ya duba shafi-shafi. Ya ce lambar asusu ita ce wadda ke kan fom, ga sa hannun mai inshora, ga dangwalen direba cewa ya amince. Ta ɓangaren kamfani an gama. Ya kuma tuna mini cewa motocin Alhaji tara ne ke ƙarƙashinmu, ban da tireloli.

Ranar Asabar na yi abin da ban taɓa yi ba a aikina. Na hau adaidaita na tafi shagon Alhaji.

Sabuwar jif na fake a ƙofa, ledar kujerun ma ba a cire ba. Sabon direba na goge ta.

Na same shi a cikin mutanensa, ana shan shayi. Ya gane ni, ya yi fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa. Na roƙi mu keɓe. Ya ce in faɗi ko mene ne a nan, duk na gida ne.

Na yi ƙasa da murya. Na ce na zo ne kan maganar Malam Sallau, wataƙila hidima ce ta yi yawa aka manta, diyyarsa ta shigo tun wata uku da suka wuce. Na tuna masa cewa shi Malam Sallau ne ya biya kuɗin akwatin daga aljihunsa.

Ya ajiye kofinsa.

Ya ce inshora da sunansa take. Ya ce abin da muka ba shi na mota bai isa sayen sabuwa ba, da me muke so ya cika?

Na ce, "Alhaji, kuɗin ƙafarsa ne fa."

Ya ce, "A cikin motar wa ƙafar ta karye?"

Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi dariya. Sauran suka sunkuyar da kai a kan kofunansu.

Alhaji ya ce in gaida manaja.

Litinin da safe manaja ya kira ni. Aka ba ni takardar gargaɗi, wai na tsoma baki cikin harkar abokin hulɗa.

Na nemi gidan Malam Sallau a Tudun Jukun. Ɗaki biyu ne a cikin wani gidan haya na Alhaji, inda yake zaunar da ma'aikatansa kyauta. Na ce masa akwai lauyoyi masu taimaka wa marasa ƙarfi, zan kai shi, zan ba da shaida ko da aikina zai tafi.

Ya nuna mini rufin ɗakin da sandarsa.

Ya ce ranar da sammaci ya isa hannun Alhaji, a ranar za a watso musu kaya waje. Mai ƙafa ɗaya da 'ya'ya shida, ina zai nufa? Ya ce dangwalen nan kuma nasa ne, ba zai yi ƙarya a gaban alƙali ba. An kawo masa takardar kwana biyu bayan an yanke ƙafar, allura ba ta sake shi ba, aka ce ta karɓar kuɗinsa ce, ya dangwala.

Ya ce ya bar wa Allah.

Na so in ce masa Allah ma ya ce a nemi haƙƙi. Na dubi yaran da ke zaune a tsakar gida, na yi masa sallama na tafi.

Azumi ya kama.

Ran sha biyar ga wata, ina duba waya bayan shan ruwa, sai na ci karo da wani hoto a nan dandalin sada zumunta. Wani shafi ne na masu yabon manya ya sa.

Rabon kayan azumi ne a ƙofar gidan Alhaji. Layin mabuƙata ya miƙe har kwana. A gaban layin an ajiye farar kujera, Malam Sallau na zaune a kai, an jingina sandunansa a inda kowa zai gani. Alhaji ya sunkuyo yana miƙa masa ambulan. A gefe ga buhun shinkafa ƙarami da galan ɗin mai.

Malam Sallau yana murmushi.

A ƙasa an rubuta cewa attajirin nan mai tausayi bai manta da tsohon direbansa da ya samu naƙasa ba.

Na buɗe sharhi. Sun fi dubu biyu.

Allah ya saka da alheri. Allah ya yawaita mana irinku. Masu kuɗi ku yi koyi. Wata ma cewa ta yi hoton ya sa ta kuka.

Na rubuta gaskiyar abin da ya faru, layi takwas. Na karanta. Na tuna takardar gargaɗin da ke cikin fayil ɗina, na tuna mahaifiyata da ke jiran albashina.

Na goge.

Daga baya Hansai ta faɗa mini abin da ke cikin ambulan ɗin. Naira dubu ashirin.

Bayan Sallah da mako biyu aka aiko musu cewa sabon direba zai kawo iyalinsa, ana buƙatar ɗakunan. Aka ba su kwana goma.

Ko sammacin ma ba a kai ba.

Yanzu suna Giwa, a zauren ƙanin Hansai da aka kewaye musu da langa-langa. Ba a yi aikin na biyu a kan lokaci ba, ciwon ya haura, aka ƙara yankewa daga saman gwiwa. Babbar 'yarsu ta bar makaranta, tana soya awara a bakin titi. Shi kuma yana zama a gefenta da kwalaben man juye, wato man inji, yana sayar wa 'yan acaɓa.

Na bar aikin inshora shekara biyu ke nan. Watan jiya na je Giwa na same shi, na ce ina so in rubuta labarinsa. Ya ce in rubuta, amma kada in ambaci sunan Alhaji, don har gobe ba zai manta ya ci arzikin gidansa ba.

Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, ranar na yi ta.

Na ce, Malam, a hoton nan, ka san abin da ya yi maka, ka san kuɗin wa ke cikin ambulan ɗin. Me ya sa ka yi murmushi?

Ya ɗan jima yana goge wata kwalba da tsumma.

Ya ce mai hoton ne ya ce na farko bai yi kyau ba, fuskarsa a ɗaure take. Na biyu ma haka. Sai Alhaji ya karɓe ambulan ɗin ya riƙe a hannunsa, ya ce ba sauri ake yi ba, za a jira.

A na huɗu aka samu.

Darasi:

In kamfanin inshorarku ya aiko cewa zai canza tsari, kada ku ce a yi yadda aka saba. Ku zauna a karanta muku akwati-akwati, ku tambayi me aka cire, me ya koma zaɓi. Mai mota, kafin ka yi wa gilashi maki, ka waiwaya ka dubi wanda ke tsaye a bayanka.

Kai kuma direba, da duk mai aiki a ƙarƙashin wani, duk takardar da ta shafi jininka da naman jikinka, sunanka da lambar asusunka za a sa. Kunya ba ta biyan kuɗin asibiti. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da wani naka bai karanta maka ba.

Mu da ke bayan tebur, minti biyar ɗin da muke ƙyashin ba talaka, wani lokaci rayuwarsa ce gaba ɗaya. Ni na yi wannan ƙyashin, ga shi ina ɗauke da shi har yau.

Kuma kafin ka rubuta "Allah ya saka" a ƙarƙashin hoton sadaka, ka sani ba komai hoto ke faɗa ba.

In ka san wani direba, ko matar direba, ko ɗansa da ya iya karatu, tura masa wannan yau, tun kafin a miƙo masa fom.